Farfaɗowar Harshe da Karatu a Wajen Yara Bayan Raunin Ƙwaƙwalwa

1.0 Gabatarwa

Ba abin mamaki ba ne malamin harshe ya tarar a ajinsa akwai yaron da ya taɓa samun mummunar buguwa a ka, ko dai ta hanyar haɗarin mota ko babur, ko faɗowa daga bishiya ko katanga, ko jifa, ko duka. Irin wannan yaro yakan kwanta a asibiti, a sallame shi, miki ya warke, ya koma magana da wasa kamar kowa. Daga nan iyaye da malamai sukan ɗauka magana ta ƙare. Sai bayan zango ɗaya ko biyu, wani lokaci ma bayan shekaru, a fara lura da cewa karatunsa ya tsaya, tsararrakinsa sun yi masa nisa. A nan ne akan yi wa lamarin fassara iri-iri. Wasu su ce lalaci ne, wasu su ce taurin kai ne, wasu kuma su danganta shi da iska ko sammu.

Wannan babi zai yi bayani a kan yadda buguwar kai ke shafar harshe da karatun yaro, da yadda waɗannan abubuwa biyu ke farfaɗowa, da kuma rawar da malami zai taka. Abin da ake son ɗalibi mai koyon aikin malanta ya riƙe shi ne, dawowar magana a bakin yaro ba ta isa hujjar cewa harshen da yake buƙata domin koyon karatu ya dawo.

2.0 Ma'anar Raunin Ƙwaƙwalwa na Buguwa

Idan aka ce raunin ƙwaƙwalwa na buguwa, ana nufin lahanin da ya sami ƙwaƙwalwa sakamakon wani ƙarfi da ya zo daga wajen jiki. Ke nan ya bambanta da lahanin da aka haifi yaro da shi, ya kuma bambanta da wanda cuta ke haifarwa, kamar sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko da yake alamominsu a aji sukan yi kama. A wajen ƙananan yara faɗuwa ce kan gaba wajen haddasa shi, a wajen manyan yara da matasa kuwa haɗarin hanya ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna cewa haɗarin hanya shi ne babban abin da ke kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya. Waɗanda suka tsira da rauni kuwa sun ninka waɗanda suka rasu sau da yawa.

Ƙwaƙwalwa aba ce mai taushi da ke zaune cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. Idan kai ya bugu da ƙarfi, takan girgiza ta daki ƙashin da ke kewaye da ita. Sassan da suka fi cutuwa su ne sashen goshi da sashen da ke saitin kunnuwa, domin ƙashin da suke zaune a kansa yana da kaushi. Bugu da ƙari, girgizar takan ja siraran zaruruwan jijiya masu kai saƙo daga wannan sashe zuwa wancan, wasu su miƙe fiye da kima, wasu su tsinke. Saboda haka lahanin yakan bazu a wurare da yawa, kuma ba dole ne a ga jini ko karayar ƙashi kafin ya auku ba.

2.1 Matakan Raunin

Likitoci suna auna tsananin raunin da wani ma'auni da Graham Teasdale da Bryan Jennett na Jami'ar Gilasgo suka fito da shi a shekarar 1974. Ana duba buɗe ido da amsa magana da motsin jiki, a ba da maki daga 3 zuwa 15, kamar haka:

(a) Maki 13 zuwa 15: rauni mai sauƙi. Mafi yawan raunukan yara a nan suke, kuma akasarin yaran sukan warware cikin kimanin mako huɗu.
(b) Maki 9 zuwa 12: matsakaicin rauni.
(c) Maki 3 zuwa 8: rauni mai tsanani, wanda yakan zo da doguwar suma.

Matsalolin harshe da karatu masu daɗewa sun fi bayyana a mataki na biyu da na uku.

3.0 Dangantakar Harshe da Ƙwaƙwalwa

A shekarar 1861 wani likitan Faransa mai suna Paul Broca ya bayyana labarin wani majinyaci da ke fahimtar abin da ake faɗa masa, amma ba ya iya furta komai sai gaɓa ɗaya tak. Bayan mutuwarsa aka tarar da lahani a sashen gaba na ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa. A shekarar 1874 kuma Carl Wernicke na Jamus ya bayyana wasu majinyata da magana ke zuba daga bakinsu ba tangarɗa amma ba ma'ana, kuma ba sa gane abin da ake faɗa musu. Nasu lahanin yana can baya, saitin kunnen hagu. Irin wannan tauyewar harshe ita ake kira afeziya. Dangane da karatu kuwa, Jules Dejerine ya bayyana a 1892 labarin wani mutum da ke iya rubutu, amma ya kasa karanta ko da abin da ya rubuta da hannunsa.

Waɗannan bayanai sun tabbatar da cewa a wajen mafi yawan mutane ɓangaren hagu ne ke ɗauke da babban nauyin harshe. Sai dai dukkansu a kan manya aka yi su, waɗanda harshensu ya riga ya ginu, kuma lahaninsu a wuri ɗaya yake. Yaron da ya bugu a ka lamarinsa daban ne ta fuska biyu: lahaninsa a bazu yake, sannan ya same shi ne ana tsakiyar gini. Sashen goshi, wanda ke kula da natsuwa da tsara tunani da kame kai, ba ya kammala nuna sai mutum ya haura shekara ashirin.

4.0 Shin Ƙuruciya Kariya Ce?

An daɗe ana ganin cewa ƙwaƙwalwar yaro ɗanya ce, saboda haka duk abin da ya same ta za ta gyara kanta. Wannan ra'ayi ya samo tushe daga gwaje-gwajen da Margaret Kennard ta yi a kan birai a Amurka cikin shekarun 1930, inda ta ga ƙananan birai sun fi manya saurin dawo da motsin jiki bayan an yi wa ƙwaƙwalwarsu lahani. Haka kuma Eric Lenneberg (1967) ya nuna cewa yaran da suka rasa magana kafin balaga sun fi manya samun dawowarta. Akwai gaskiya a wannan, musamman idan lahanin ƙarami ne kuma a ɓangare ɗaya yake, domin wasu sassan sukan karɓi aikin. Amma ita kanta Kennard ta lura da cewa wasu matsalolin ba sa fitowa sai dabbar ta girma.

Binciken da ya biyo baya ya daidaita wannan ra'ayi. Vicki Anderson da abokan aikinta a ƙasar Ostireliya sun bi diddigin yaran da suka sami raunin kai na tsawon shekaru, wasu har shekara goma. Sun gano cewa idan raunin mai tsanani ne, yaran da suka same shi suna ƙanana su ne suka fi shan wahala daga baya. Dalilin ba mai wuyar fahimta ba ne. Babban mutum da ya sami rauni yana ƙoƙarin dawo da abin da ya riga ya mallaka. Shi kuwa ƙaramin yaro, aiki biyu ke gabansa: ya dawo da ɗan abin da ya koya, sannan ya ci gaba da koyon duk abin da ya rage da ƙwaƙwalwar da ta sami lahani.

Daga nan ne masana suka fitar da wata ƙa'ida mai amfani ga malami: ƙwarewar da ta riga ta zauna daram kafin rauni ita ta fi tsira, wadda ake tsakiyar koyonta ta fi shiga haɗari, wadda ba a kai gare ta ba kuwa ba za a san halin da take ciki ba sai lokacinta ya yi. Linda Ewing-Cobbs da abokan aikinta (1987) sun ga misalin haka a Amurka, inda rubutu ya fi lalacewa a wajen yara 'yan firamare fiye da matasan da hannunsu ya riga ya faɗa.

5.0 Yadda Harshe Ke Farfaɗowa

A kwanakin farko bayan mummunan rauni, yaro yana iya yin shiru gaba ɗaya ko da ya farfaɗo daga suma, ko ya riƙa magana a rikice. Sannu a hankali kalmomi sukan dawo, sai gajerun jimloli. Mafi yawan ci gaban da ake gani yakan faru ne cikin wata shida zuwa shekara ɗaya, daga nan sai ya rage sauri, ko da yake ba ya tsayawa ɗungurungum. Kaɗan ne daga cikin irin waɗannan yara ke dawwama da cikakkiyar afeziya irin ta manya. Tsarin sauti da ginin jimla na yau da kullum sukan dawo. Yaro zai gaisa, ya amsa tambaya, ya yi aike. Abubuwan da sukan rage a ɓoye su ne:

(a) Laluben kalma. Yaro ya san abu amma sunansa ya ƙi zuwa, sai ya yawaita cewa "abin nan" ko "wancan ɗin", ko ya ce "abin shan fura" maimakon ludayi.
(b) Jinkirin fahimta. Yana gane magana idan an yi ta a tsanake, amma idan malami ya jero umarni uku a numfashi ɗaya, sai ya kama na farko ko na ƙarshe kawai.
(c) Tsara zance. Sandra Chapman da abokan aikinta (1992) sun nuna cewa irin waɗannan yara, idan aka ba su labari aka ce su maimaita, sukan kawo guntayensa amma su zubar da ƙashin bayansa. Yaro zai iya tuna cewa akwai Gizo da Ƙoƙi a tatsuniya, amma ya kasa faɗin abin da ya jawo abin da ya biyo baya, balle darasin da ke ciki.
(d) Ma'ana ta ɓoye. Karin magana da habaici da ba'a da kacici-kacici duk suna buƙatar mai sauraro ya tsallake ma'anar fili. Idan aka ce "hannunka mai sanda", yaron yana iya duban hannunsa.
(e) Ladubban zance. Yana iya katse babba, ko ya saki batun da ake yi ya kama wani, ko ya faɗi abin da bai dace da wurin ba. A al'ummar da ke ba kunya da ladabi muhimmanci kamar ta Hausawa, nan da nan akan fassara wannan da rashin tarbiyya, alhali lahanin sashen goshi ne.

6.0 Yadda Karatu Ke Farfaɗowa

Magana yaro yakan tsince ta ne daga jama'ar da yake cikinsu, amma karatu sai an koyar da shi, kuma yana ɗorawa ne a kan harshen baka. Gough da Tunmer (1986) sun bayyana cewa fahimtar abin da aka karanta ta dogara a kan ginshiƙai biyu: iya mayar da haruffa zuwa sauti da kalma, da kuma fahimtar harshen kansa. Idan ɗaya ya rushe, karatu ya rushe.

Marcia Barnes da Maureen Dennis da Margaret Wilkinson (1999) sun yi nazarin karatun yaran da suka sami raunin kai a Kanada. Sun gano cewa waɗanda suka sami raunin kafin su fara koyon karatu, ko a farkon shekarun koyonsa, su ne suka fi fuskantar matsala wajen haɗa haruffa da kuma fahimta. Har ila yau sun ga cewa ko yaran da ke karanta kalmomi daidai sukan yi nawa, kuma wannan nawar tana rage fahimta. Dalili kuwa shi ne, wanda ya ɓata ƙarfinsa wajen fitar da kowace kalma, kafin ya kai ƙarshen jimla farkonta ya ɓace masa.

A ɗauki misalin yara biyu da suka sami rauni iri ɗaya, ɗaya yana da shekara biyar, ɗayan yana da goma sha ɗaya. Na biyun zai koma aji yana karatu a bayyane kamar da, matsalarsa sai an tambaye shi ma'anar abin da ya karanta. Na farkon kuwa babu wanda zai ga komai a lokacin, tunda ba a sa ran ɗan shekara biyar ya yi karatu. Sai ya shiga aji biyu ko uku a ga haruffa sun ƙi zama, a lokacin kuwa an manta da batun faɗuwar da ya yi.

Akwai kuma wata gaɓa mai haɗari, wato wajen aji huɗu. Jeanne Chall (1983) ta nuna cewa a daidai nan ne yaro ke tashi daga koyon karatu ya koma yin amfani da karatu domin koyon wasu darussa. A Nijeriya, Manufar Ilimi ta Ƙasa a bugunta na 2004 ta sanya wannan aji ne a matsayin inda za a fara komawa koyarwa da Ingilishi. Duk inda sauyin harshe ya haɗu da ƙaruwar nauyin karatu, yaron da ke fama da koyon sabon abu yakan durƙushe.

Haka abin yake a makarantar allo ko Islamiyya. Yaro yana iya kawo haddar da ya yi kafin rauni ba gargada, amma sabon darasi ya ƙi zama ko an biya masa sau da yawa. Tsohuwar haddar takan rufe wa malami ido daga ganin matsalar.

6.1 Abin da Ya Keɓanci Rubutun Hausa

Rubutun boko na Hausa yana da wani sauƙi, domin galibi kowane harafi sauti ɗaya yake wakilta, kuma gaɓoɓin kalma ba su da sarƙaƙiya. Wannan taimako ne ga mai sake koyon haɗa baƙi da wasali. Amma akwai wurare uku da ya kamata malami ya sa ido:

(a) Haruffa masu ƙugiya. Ɗan lanƙwasa ne kawai ya raba kafa da ƙafa, ko bari da ɓari, ko daka da ɗaka. Yaron da natsuwarsa ko ganinsa ya raunana yakan tsallake shi.
(b) Tagwayen baƙaƙe irin su sh da ts da ky da gw da ƙw, waɗanda dole a riƙe haruffa biyu a fitar da sauti ɗaya.
(c) Rashin nuna karin sauti da tsawon wasali. Kalmar gari tana iya nufin birni ko niƙaƙƙen hatsi, kuka na iya zama hawaye ko bishiya, fari na iya zama launi ko rashin ruwan sama. Mai karatu ba ya tantancewa sai ya riƙe sauran jimlar a ransa. A jimlar "An kai kuka kasuwa an sayar", kalmomin ƙarshe ne ke fayyace wace kuka ake nufi. Ke nan ko furta kalmar Hausa daidai yana buƙatar irin riƙon da raunin kai ke raunanawa.

7.0 Rawar da Malami Zai Taka

Gyaran harshe bayan rauni aiki ne na haɗin gwiwa tsakanin likita da masanin gyaran magana da masanin halayyar ɗan Adam da iyaye da malami. Amurka ta sanya raunin ƙwaƙwalwa na buguwa cikin rukunonin da dokar ilimin masu buƙata ta musamman ta amince da su tun 1990. A Nijeriya, dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa ta 2018 ta tabbatar da haƙƙinsu na samun ilimi. Amma masanan gyaran magana kaɗan ne, kuma galibinsu a manyan asibitocin birane suke. Saboda haka a mafi yawan wurare malamin aji ne kaɗai ke ganin yaron kullum. Ga wasu matakai da zai bi:

1. Ya nemi tarihi. Duk yaron da karatunsa ya tsaya ba dalili, a tambayi iyaye ko ya taɓa faɗuwa ko haɗari ko suma. Idan haka ne, a rubuta a takardunsa domin malaman azuzuwan gaba su sani.
2. Ya dawo da yaro sannu a hankali. Ko a rauni mai sauƙi, shawarar masana ita ce hutun kwana ɗaya zuwa biyu, sannan a koma ayyuka kaɗan-kaɗan. A rauni mai tsanani a fara da rabin yini, domin gajiya da ciwon kai suna saurin kama irin wannan yaro.
3. Ya zaunar da shi a gaba, nesa da taga da hayaniya, ya ba shi umarni ɗaya bayan ɗaya, ya kuma jira amsa ba tare da gaggauta shi ba.
4. Ya auna fahimta. Bayan karatu a bayyane, a rufe littafi a ce ya faɗi abin da ya faru da bakinsa, da dalilin faruwarsa.
5. Ya koyar da tsarin labari a fili: wane ne, a ina, me ya faru da farko, me ya biyo baya, yaya aka ƙare. Tatsuniyar da yaro ya sani tun kafin rauni ita ce tsani mafi kyau, kuma kaka ko uwa za su iya ci gaba da wannan a gida.
6. Ya maimaita gajeren nassi ɗaya sau da yawa har karatun ya yi laushi, kafin a shiga sabo.
7. Ya rage barin yaro yana cinke. Baddeley da Wilson (1994) sun nuna cewa masu matsalar tunawa sukan riƙe kuskuren da suka yi su maimaita shi, don haka ya fi kyau a nuna musu daidai tun farko.
8. Ya guji bulala da ranƙwashi da kunyatarwa. Duka ba ya gyara jijiyar da ta tsinke, kuma sabuwar buguwa a kan da bai gama warkewa ba haɗari ce babba.

Idan kuwa a makaranta aka yi buguwar, sannan yaro ya shiga yawan amai, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko magagi, ko jijjiga, ko ruwa ko jini na fita daga hanci ko kunne, to a garzaya da shi asibiti nan take.

8.0 Kammalawa

An ga cewa raunin ƙwaƙwalwa na buguwa yakan bazu a sassa da yawa, kuma a wajen yaro yana samun ƙwaƙwalwar da ba ta gama ginuwa ba. Maganar yau da kullum takan dawo da wuri, amma laluben kalma da tsara zance da gane ma'ana ta ɓoye da saurin karatu sukan daɗe, wasu ma ba sa bayyana sai darasi ya yi nauyi. Shekarun yaro a lokacin rauni da tsananin raunin da irin tallafin da ya samu a gida da makaranta su ne ke yanke yadda farfaɗowar za ta kasance. Na farko da na biyu sun riga sun wuce, amma na uku yana hannun iyaye da malami, kuma sau da yawa shi ke raba yaron da ya ci gaba da karatu da wanda aka cire daga makaranta da sunan ba ya ja.

Tambayoyin Bita

1. Bambance raunin ƙwaƙwalwa na buguwa da lahanin da cuta ke haifarwa, tare da misalai.
2. Tattauna ra'ayin da ke cewa ƙuruciya kariya ce daga illar raunin ƙwaƙwalwa.
3. Kawo kalmomin Hausa biyar masu rubutu ɗaya da ma'ana fiye da ɗaya, ka bayyana yadda za su wahalar da yaron da ya sami rauni.
4. Tsara darasin karatu na minti talatin ga ɗan aji uku da ya dawo makaranta bayan raunin kai.